Begen Tsohon Sulke: Nazari a Kan Tufafin Yaƙin Iron Man Cikin Labaran Zane na Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana bin labaran zane na ƙasar Amurka, ko finafinan da aka ɗauko daga cikinsu, zai lura da wani abin mamaki game da jarumin nan da ake kira Iron Man, watau Mutumin Ƙarfe. Shi dai wannan jarumi, a cikin labarin, wani attajirin injiniya ne mai suna Tony Stark, wanda ba shi da wata baiwa ta ƙarfin jiki ko ta tsafi, illa sulken ƙarfen da ya ƙera da hannunsa. Tun daga shekarar 1963 da aka ƙago shi, an sake wa sulken nan fasali sau da yawa, kuma kowane sabo yakan fi na bayansa ƙarfi da dabara. Amma duk da haka, zukatan masu karatu da yawa ba su rabu da tsohon sulken ba, watau mai launin ja da ruwan zinariya wanda jarumin ya sa daga ƙarshen 1963 zuwa 1985. Shi kansa kamfanin Marvel, mai buga labaran, ya sha barin wannan fasali sa'an nan ya sake komawa gare shi.

Tambayar da wannan takarda take son amsawa ita ce: mene ne ainihin abin da ake bege a jikin tsohon sulken? Za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa abin da ya ɗaure zukatan masu karatu shi ne gazawar sulken. Tsohon sulke yana da nauyi, batirinsa yana ƙarewa, ana tuɓe shi, ana iya sace shi, kuma a ƙarƙashinsa akwai mutum mai ciwon zuciya. Da fasaha ta kawar da waɗannan iyakoki ɗaya bayan ɗaya, sai ta tafi da wani sashe na jigon labarin. Muna ganin batun ya shafi malaman adabi, domin kuwa yana nuna mana a fili yadda tufafin tauraro kan ɗauki nauyin jigo, da kuma yadda 'yan kasuwa kan mai da begen masu karatu hajar sayarwa.

2.0 Bayanin Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu yi bayanin kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa.

Ta farko ita ce labarin zane. Abin da muke nufi da shi shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu cikin ƙananan gidaje, ana rubuta maganar taurari a cikin hotunan. A Amurka ana buga irin waɗannan labarai a 'yan mujallu masu fitowa wata-wata, kowace fitowa da lambarta.

Ta biyu ita ce bege. Mun zaɓe ta a madadin kalmar da Turawa ke amfani da ita, wadda wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ƙirƙira a birnin Basel cikin shekarar 1688. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya mai ma'anar komawa gida, ɗaya mai ma'anar raɗaɗi, don ya bayyana wata cuta da ya ce tana kama mutanen Suwizalan in sun yi nisa da ƙasarsu. A hankali ma'anar ta tashi daga ƙewar wuri ta koma ƙewar zamani. A cikin 1979 masanin zamantakewa Fred Davis ya nuna cewa wannan bege yakan taso ne daga rashin gamsuwa da halin da ake ciki, fiye da daga kyawun abin da ya wuce. Masu iya magana sun riga shi faɗa, da suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Ta uku ita ce sulke. A Hausa sulke riga ce da ake saƙawa da ƙananan zobban ƙarfe, kuma Tarihin Kano ya danganta shigowarsa tare da lifidi da kwalkwali ga zamanin Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410. Wani zai ce kalmar ba ta dace da tufafin ƙarfe mai injuna ba. Amma ta dace da fasalin da muke nazari, domin a cikin labarin an nuna hannuwa da ƙafafun tufafin a matsayin saƙar ƙarfe mai laushi, wadda ake iya naɗewa, sai in an kunna maganaɗisu ta ƙage ta yi tauri.

3.0 Asalin Sulken a Shekarar 1963

Iron Man ya fara bayyana a mujallar Tales of Suspense, fitowa ta 39, mai ɗauke da watan Maris na 1963, wadda aka sayar santi 12. Mutum huɗu ne suka haɗu suka samar da shi: Stan Lee, edita, wanda ya tsara ƙashin labarin, ƙanensa Larry Lieber, wanda ya rubuta maganganun, Don Heck, wanda ya zana labarin, da Jack Kirby, wanda ya zana bango ya kuma tsara sulken farko. Lee ya ɗauko siffofin Tony Stark daga attajirin nan Howard Hughes, mai ƙera jiragen sama. Ya kuma sha faɗa daga baya cewa da gangan ya zaɓi mai ƙera makamai, don ya ga ko zai iya sa matasan da suka tsani yaƙi su ƙaunaci irin wannan mutum.

Labarin ya faru ne a Biyetnam. Stark ya je gwada wasu makamai da ya ƙera wa sojojin Amurka, sai ya taka nakiya, gutsuren ƙarfe ya shige masa ƙirji yana matsawa wajen zuciya. Wani madugun 'yan gurguzu mai suna Wong-Chu ya kama shi, ya tilasta masa ya ƙera masa makami. Maimakon haka, sai Stark da wani dattijon masani da ke tsare tare da shi, Farfesa Yinsen, suka ƙera farantin ƙirji da zai riƙe zuciyar tana bugawa, sa'an nan suka gina sauran sulken a kan farantin. Yinsen ya ba da ransa don ya samar wa Stark lokacin da batirin zai cika.

A nan akwai abin lura wanda duk bayaninmu zai dogara a kansa. Tun ran farko sulken na'urar jinya ce kafin ya zama makami. Stark yana iya tuɓe kwalkwali da safar hannu da takalma, amma farantin ƙirji ba ya rabuwa da shi dare da rana, domin in ya cire shi zai mutu.

Sulken farko mai ruwan toka ne, ƙato, mai kama da tukunyar ƙarfe. Bai wuce fitowa ɗaya da wannan launi ba. A fitowa ta 40, cikin Afrilu, aka mai da shi ruwan zinariya, kuma dalilin da labarin ya bayar shi ne ruwan tokar yana tsorata mata da yara. A fitowa ta 48, cikin Disamba na wannan shekara, mai zane Steve Ditko ya sake fasalin gaba ɗaya. Ya rage masa girma, ya bi da shi surar jikin mutum, ya haɗa ja da ruwan zinariya. Dalilin da labarin ya bayar a nan ma na jinya ne: nauyin tsohon sulken yana cinye batir yana wahalar da zuciya. Ke nan cikin wata goma kacal an yi fasali uku, na ukun kuwa shi ne ya zauna.

4.0 Kamannin Sulken da Ake Bege

Fasalin Ditko ya sami 'yan gyare-gyare a fuska. Da farko saman fuskar yana da tsini biyu kamar ƙaho, sa'an nan aka yi mata ƙusoshi a gefe, har zuwa 1965 da ta zauna a kan surar da aka fi sani. Ga yadda sulken yake: kwalkwali, da gangar jiki, da safar hannu, da takalma duk ja ne, fuska, da damatsa, da cinyoyi zuwa ƙwauri ruwan zinariya ne. A tsakiyar ƙirji akwai da'ira mai fitar da haske, a kwankwaso kuma akwai faifai biyu na ajiye wuta. Fuskar ba ta da komai sai tsaga uku, biyu na idanu, ɗaya ta baki. Yana tashi sama da injunan da ke tafin takalmansa, yana kuma tunkuɗe abokin gaba da wani haske da ke fita daga tafin hannunsa.

Da wannan sulke jarumin ya sami mujallarsa ta kansa a watan Mayu na 1968, kuma da shi ya ci gaba har fitowa ta 200 ta wannan mujalla, cikin Nuwamba na 1985. Kusan shekara 22 ke nan. A tsawon wannan lokaci babban sauyin da aka gwada shi ne hancin ƙarfe da aka ɗora wa fuskar a 1974, wanda ya zama abin ba'a, aka cire shi a 1976. A 1981 an ƙara wasu sulkuna na ayyuka na musamman, ɗaya na sararin samaniya, ɗaya na leƙen asiri, amma da an gama aikin sai a koma wa na kullum.

A fitowa ta 200 ne aka jingine shi, aka kawo mai ja da ruwan azurfa, mai manyan kafaɗu. Wannan bai cika shekara uku ba. A fitowa ta 231, cikin 1988, aka koma ja da ruwan zinariya. Tun daga nan aka shiga wani yanayi na tafiya da dawowa: a 1998 an maido da fuska mai ƙaho irin ta 1963, a 2020 kuma, da aka fara sabon jerin labarai wanda Christopher Cantwell ya rubuta, mai zane Alex Ross ya tsara sulken da ya koma kan tsohon fasali da gangan.

5.0 Dalilan Begen

5.1 Raunin Mai Sulke

Dalili na farko, wanda muke ganin ya fi nauyi, shi ne tsohon sulken yana bayyana raunin mai shi. A labaran farko sau da yawa akan nuna Stark, bayan ya gama faɗa, yana rarrafe yana neman kafar lantarki ta jikin bango don ya cika farantin ƙirjinsa kafin zuciya ta tsaya. Attajiri ne mai farin jinin 'yan mata, amma ba ya iya kusantar kowa, don kada a ga abin da ke ƙarƙashin rigarsa. Jama'a kuwa ya gaya musu cewa Iron Man mai gadinsa ne. Saboda haka sulken ya zama kariya, ya kuma zama kurkuku, kuma daga wannan karo tsakanin ƙarfin waje da raunin ciki ne labarin ke samun ransa.

A 1969 an yi wa Stark aikin zuciya a cikin labarin, har ya daina dogara da farantin. Sai marubuta suka ga lalle a samo wani rauni a madadinsa. A 1979 David Michelinie da Bob Layton, tare da mai zane John Romita ƙarami, suka kawo labarin da ya gudana daga fitowa ta 120 zuwa ta 128, inda wani abokin hamayyar kasuwanci, Justin Hammer, ya gano yadda zai sarrafa sulken daga nesa. Ya sa shi ya kashe jakadan wata ƙasa a bainar jama'a alhali Stark yana ciki, ba ya iya hanawa. Stark ya miƙa sulken ga hukuma, ya faɗa shan giya. A 1983, ƙarƙashin alƙalamin Denny O'Neil, giyar ta sake cin ƙarfinsa, har abokinsa James Rhodes, baƙar fata matuƙin jirgi, ya ɗauki sulken ya ci gaba da aikin.

Babu ɗaya daga cikin labaran nan da zai yiwu in ba don sulken abu ne dabam da jikin mai shi ba. Tufafi ne da ake naɗewa a zuba cikin jakar hannu irin ta 'yan ofis. Ana iya manta jakar, ana iya sace ta, ana iya ba da ita aro. Sa sulken yana cin lokaci, kuma a cikin wannan ɗan lokaci jarumin mutum ne kamar kowa.

Sai mu dubi abin da ya biyo baya. A labarin Extremis na 2005 zuwa 2006, wanda Warren Ellis ya rubuta, Adi Granov ya zana, an haɗa sulken da jijiyoyin Stark, rigar cikinsa ta koma cikin ƙasusuwansa, yana sarrafa shi da tunani. A 2010 aka ƙara gaba, sulken gaba ɗaya ya koma cikin jikinsa. Finafinai ma sun bi wannan hanya. A fim na 2008 sai injuna sun taru suna ɗaure masa sulken yanki-yanki, ana jin ƙarar kowace ƙusa. A na 2013 sulkunan sun kai 42, suna tashi su yi faɗa ba kowa a cikinsu. A na 2018 kuwa sulken yana malalowa ne daga ƙirjinsa kamar ruwa, yana zama garkuwa ko takobi ko igwa yadda ya so. Sulken da ke iya zama komai ya rage wa mai kallo fargaba, domin bai san inda iyakarsa take ba, balle ya ji tsoron a kai ta. Abin da masu bege suka rasa ke nan.

5.2 Sauƙin Sura da Halin Ɗab'i

Dalili na biyu ya shafi ido. A zamanin da aka tsara sulken, ana buga labaran zane ne a kan takarda mai araha irin ta jarida, da tawada huɗu: baƙa ta layin zane, sai shuɗiya, da ja, da rawaya. Kowace daga cikin ukun nan ana iya barinta, ko a sa kashi 25, ko 50, ko 100 bisa ɗari. In an lissafa, launi 64 ke nan mai zane yake da su. Launukan da suka fi fita tsaf su ne waɗanda aka cika tawadarsu, ruwan toka kuwa yakan ba da wahala. Shekara guda kafin Iron Man, cikin 1962, kamfanin ya fito da jarumi Hulk da ruwan toka, amma launin ya ƙi daidaita a maɗaba'a, sai aka mai da shi kore a fitowa ta biyu. Abin da ake kira ruwan zinariya a jikin Iron Man kuwa rawaya ce tsantsa, jan kuma haɗin tawada biyu ne cikakku. Ashe ke nan launin da ake bege a yau gazawar injin ɗab'i tana da hannu a cikinsa.

Bugu da ƙari, mai zanen da zai cika shafuka da yawa kowane wata ba zai so fasali mai tarkace ba. Wannan ya tilasta sauƙi, sauƙin kuwa ya zama alheri. Kamar yadda Scott McCloud ya bayyana a 1993, gwargwadon sauƙin fuskar da aka zana, gwargwadon yadda mai karatu kan iya sa kansa a cikinta. Fuska mai tsaga uku yaro ma yana iya zana ta a bayan littafinsa. Ta tsagar idanun nan masu zane kan nuna ƙwayar idon Stark, a ga tsoro ko gajiya. Gene Colan, wanda ya karɓi zanen a 1966, ya shahara wajen karkata kwalkwalin da sarrafa inuwa har fuskar ƙarfe ta yi kamar tana baƙin ciki. Damatsa da cinyoyi kuma, da yake saƙa ce, suna nuna surar tsokar mutum. Sababbin sulkuna, waɗanda ake yi wa launi da kwamfuta, suna da faranti barkatai da fitilu a gurbin idanu. Sun fi kama da na'ura ta gaske, amma mutumin da ke ciki ya ɓace wa ido.

5.3 Fasaha Mai Tsufa

Dalili na uku ya shafi lokaci. A farkon shekarun 1960 masanin Italiya Umberto Eco ya yi nazarin Superman, ya nuna matsalar irin waɗannan jarumai: ana so su tabbata yadda suke kamar taurarin tatsuniya, ana kuma so wani sabon abu ya same su kowane wata kamar taurarin ƙagaggen labari. Mafitar da marubuta suka samu ita ce hana lokaci tafiya. Jarumin da ƙarfinsa na baiwa ne ba shi da matsala da wannan, domin rigarsa alama ce kawai. Amma Iron Man ƙarfinsa fasaha ce, fasaha kuwa tana tsufa a idon kowa. A 1963 sirrin sulken shi ne taransista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, kuma a wancan lokaci ita ce abin yayi, ita ce ta sa rediyo ta shiga aljihu. Bayan shekara ashirin babu yaron da za a burge da ita. Dole sulken ya sauya in ana so a ci gaba da yarda cewa Stark gwani ne. Har yaƙin da ya ji rauni a cikinsa sai da aka ɗauke daga Biyetnam aka kai Afganistan, don kada tauraron ya tsufa.

Abin da wannan ya haifar shi ne Tony Stark ba ya tsufa, sulkensa ne ke tsufa a madadinsa. Saboda haka sulken ya zama ma'aunin shekarun mai karatu. Wanda ya fara karatu a 1975 da wanda ya fara a 1986 tauraro ɗaya suka sani, amma sulkensu dabam, kuma kowa yakan ɗauki wanda ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin na ainihi. Shi ya sa har mai ruwan azurfar da bai daɗe ba yana da nasa masu bege. Mai ja da ruwan zinariya ya fi yawan masoya ne domin ya fi daɗewa, ya ratsa ƙuruciyar mutane masu yawa.

5.4 Hannun Kasuwa

Dalili na huɗu shi ne kasuwa. Daga shekarun 1970 sayar da labaran zane ya fara ƙaura daga teburan 'yan jarida zuwa kantuna na musamman, masu sayen kuma suka koma manya masu tarawa da adanawa. Kamfanin ya gane cewa waɗannan suna da kuɗi, suna kuma da abin tunawa. Daga 1987 ya shiga sake buga tsofaffin labarai cikin manyan littattafai masu tsada. Fim ɗin 2008, wanda Jon Favreau ya shirya, Robert Downey ƙarami ya fito a matsayin Stark, ya bi sawun 1963 daki-daki: sulken farko ƙato mai ruwan toka, na ƙarshe ja da ruwan zinariya. Ya samo kimanin dala miliyan 585, kuma a shekarar da ta biyo baya kamfanin Disney ya sayi Marvel a kan kimanin dala biliyan 4. A fim na 2010 an maido da sulken cikin jaka. A na 2019, inda Stark ya mutu, sulkensa na ƙarshe yana da damatsa da cinyoyi ruwan zinariya irin na da. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Sauya sulke yana jawo ciniki, komawa ga tsohon ma yana jawo wani cinikin. Saboda haka bai kamata mu ɗauka cewa duk begen nan daga zuciyar mai karatu ya tsiro ba. Akwai mai yi masa ban ruwa.

6.0 Abin da Bege Kan Manta

Svetlana Boym, a cikin 2001, ta raba bege gida biyu: wanda ke son a maido da abin da ya wuce yadda yake, yana ɗaukarsa gaskiya tsantsa, da wanda ke tuna abin da ya wuce yana sane da cewa tunani kan yi tankaɗe da rairaya. Wannan rabo yana da amfani a nan, domin tsohon sulken yana da tarihin da masu bege ba su cika ambata ba.

An haifi sulken ne a tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, kuma labaransa na farko farfaganda ce a fili. Abokan gabansa 'yan Rasha ne masu irin sulkensa, kamar Crimson Dynamo na 1963 da Titanium Man na 1965, ko kuwa mutanen Asiya irin su Wong-Chu da Mandarin na 1964, waɗanda aka zana da siffofi na wulaƙanci. Tauraron kansa da kuɗin makamai ya yi arziki, kuma labarin farko bai ga laifin kai makaman nan Biyetnam ba. Sai da ra'ayin Amurkawa ya juya wa yaƙin baya sa'an nan marubuta suka sa Stark ya daina ƙera makamai, cikin shekarun 1970. Wanda ya ce a koma zamanin da labarin yake da sauƙi, ya kamata ya san cewa wani sashe na sauƙin nan ya samu ne domin an raba duniya gida biyu, an hana gida ɗaya mutunci. Ana iya ƙaunar fasalin Ditko ba tare da an wanke wannan ba.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi tarihin sulken Iron Man daga 1963, mun bayyana kamannin fasalin da ya zauna har 1985, mun kuma kawo dalilai huɗu na begen da ake yi masa: raunin da yake bayyanawa, sauƙin surarsa, yadda yake auna shekarun mai karatu, da hannun kasuwa. Mun fifita na farko, domin shi ne ya shafi jigo kai tsaye. Sauran ukun suna bayyana dalilin da ya sa ake tuna sulken, shi kuwa yana bayyana dalilin da ya sa labaran da aka gina a kansa suka yi armashi.

Akwai darasi biyu ga masu koyar da adabi. Na farko, in ɗalibi yana nazarin tauraro, a koya masa ya tambayi abin da kayan tauraron ba sa iya yi masa, domin a nan ne marubuci kan ɓoye jigonsa. Na biyu, da yake ɗalibanmu suna kallon waɗannan finafinai ko mun so ko mun ƙi, ya fi kyau mu ba su makamin nazari, su san shekarar da aka ƙago abin da suke kallo, da yaƙin da ya haife shi, da wanda ke cin ribar begensa. Muna fata wasu daga cikin mahalarta wannan taro za su faɗaɗa binciken, musamman ta hanyar kwatanta matsayin kayan yaƙi a labaran jaruntaka na al'ummu dabam-dabam.